Takardar Bayani da Wakilin Na'ura: Yadda Ake Auna Ingancinta, da Darasin Gubar Dalma a Yargalma

Tun daga ƙarshen watan Nuwamba na 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya saki ChatGPT, jama'a da dama a ƙasar Hausa suka san ƙirƙirarriyar basira a matsayin abin da ake yi wa tambaya ya ba da amsa a rubuce. A shekarun da suka biyo baya al'amarin ya zarce haka, domin an soma ɗora wa waɗannan manhajoji nauyin aiwatar da ayyuka da kansu, kamar binciko sakamakon gwaji a rumbun bayanan asibiti, da tura kuɗi, da cike takardun rahoto, da aika saƙo ga mutane. Manhajar da ke yin irin wannan aiki a madadin mutum, tana yanke shawarar matakin da za ta ɗauka bayan kowane mataki, ita ake kira wakilin na'ura. Wakili ba shi da hannun da zai taɓa rumbun bayanai ko asusun banki kai tsaye, sai ta hanyar waɗansu ƙananan manhajoji da aka tanadar masa, waɗanda ake kira kayan aiki, kuma kowane ɗaya daga cikinsu yana zuwa da ɗan rubutu mai bayyana abin da yake yi, da abin da za a ba shi, da abin da zai mayar. Wannan rubutu shi ne takardar bayani.

Yawancin masu gina manhaja sun saba ɗaukar takardar bayani a matsayin aikin ƙarshe da ake yi a gaggauce bayan an kammala ginin, saboda sun san abokin aikinsu ɗan Adam zai cike giɓin da hankalinsa. Zuwan wakilai ya sauya wannan lissafi, domin takardar ta zama wani ɓangare na kayan aikin kansa, ta yadda kuskuren da ke cikinta yakan koma kuskure a aikace. Saboda haka auna ingancinta ya zama fanni mai zaman kansa, kuma yankin Anka da Bukkuyum da Gummi, a yammacin Jihar Zamfara, yana da tarihin da ke nuna nauyin wannan batu fiye da yadda kowane misali na ɗakin karatu zai nuna.

Yadda wakili ke ganin kayan aikinsa

A tsakiyar kowane wakili akwai abin da ake kira samfurin harshe, wato manhajar da aka horar da ɗimbin rubuce-rubuce har ta iya fahimtar magana da tsara amsa. A watan Yuni na 2023 kamfanin OpenAI ya fito da tsarin da mai gina manhaja zai jera wa samfurin kayan aikin da yake da su, shi kuma ya zaɓi wanda zai kira, sannan a watan Nuwamba na 2024 kamfanin Anthropic ya fitar da wata ƙa'ida ta bai-ɗaya mai suna Model Context Protocol, wadda ake taƙaitawa da MCP, domin kowane kayan aiki ya iya gabatar da kansa ga kowane wakili da salo guda. A cikin 2025 OpenAI da Google suka karɓi wannan ƙa'ida, lamarin da ya sa dubban kayan aiki suka yaɗu, waɗansu daga manyan kamfanoni, waɗansu daga ɗaiɗaikun masu sha'awa.

A ƙarƙashin wannan tsari, abubuwa uku ne wakili ke gani kafin ya yi amfani da kayan aiki: sunansa, da bayanin aikinsa cikin jimloli na yau da kullum, da jerin guraben da za a cike, kowane gurbi da irin abin da yake karɓa, ko lamba ko rubutu ko kwanan wata. Ba ya ganin yadda aka gina manhajar daga ciki, ba ya halartar taron da aka yanke shawarar yadda za ta yi aiki, kuma ba ya tuna abin da ya faru a jiya sai an sake rubuta masa. Matsayinsa ya yi kama da na baƙon ɗan aike mai kaifin basira da aka miƙa wa takarda aka tura shi kasuwar Gummi, alhali bai taɓa shiga garin ba: idan takardar ta ce ya sayo gero guda goma ba ta ce mudu ko tiya ko buhu ba, zai zaɓi ɗaya bisa zatonsa, ya dawo yana mai tabbacin ya cika aike. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sai dai wakili yakan yi tambaya ne kawai idan ya lura akwai abin tambaya, kuma takarda mai giɓi sau da yawa ba ta nuna cewa tana da giɓi.

Kamfanin Anthropic ya bayyana a wata maƙala da ya wallafa a watan Disamba na 2024 cewa yayin da yake shirya wakilinsa domin wata jarrabawar gyaran manhaja, lokacin da ya kashe wajen gyara kayan aiki da bayanansu ya fi wanda ya kashe wajen gyara umarnin wakilin gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin gyare-gyaren shi ne tilasta rubuta cikakken adireshin kowane fayil, bayan an lura wakilin yana ruɗewa idan aka ba shi damar rubuta guntun adireshi, kuma da wannan ƙaramin sauyi kuskuren ya gushe.

Abin da ya faru a Yargalma da Dareta

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF, waɗanda ke sa ido kan cutar sanƙarau a Zamfara, suka lura ƙananan yara suna mutuwa fiye da kima a waɗansu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mafi yawansu bayan farfaɗiya, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau bai yi musu aiki ba. Bincike ya gano cewa duwatsun da ake haƙowa domin neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa, kuma da yake ana daka su a turmi, ana niƙa su a injin niƙa, ana shanya garin a cikin gidaje, ƙurar ta cuɗanya da ƙasar da yara ke wasa a kanta. Ƙauyukan da abin ya shafa tun farko sun haɗa da Yargalma da Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji da Tungar Guru da Duza, daga baya aka tabbatar da Bagega, wadda ba a tsabtace ta ba sai a 2013. An ƙiyasta cewa yara aƙalla 400 ne suka rasu.

A watan Mayu na wannan shekara, ayarin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, tare da jami'an lafiya na Nijeriya, suka bi gidaje 119 a ƙauyuka biyu, Dareta da Yargalma, inda suka tarar cewa daga cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato kashi 25 cikin ɗari. Cikin yara sama da 200 da aka gwada jininsu, kashi 97 cikin ɗari suna da dalma da ta kai maikurogiram 45 ko fiye a kowace desilita ta jini, wanda shi ne matakin da ake fara ba yaro maganin da ke janye dalma daga jiki. Maikurogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram, desilita kuma kashi ɗaya ce cikin goma na lita.

Wurin da wannan tarihi ya haɗu da batun takardar bayani shi ne na'urar da aka yi gwajin da ita. Ƙaramar na'ura ce ta hannu mai suna LeadCare II, wadda ke iya karanta dalma daga maikurogiram 3.3 zuwa 65 kawai, abin da ya haura haka sai ta nuna kalma guda mai nufin ya yi yawa, ba tare da lamba ba. Mafi yawan yaran waɗannan ƙauyuka sun haura wannan iyaka, kuma jinin da aka kai manyan ɗakunan gwaje-gwaje ya nuna waɗansu sun wuce 300. Da yake likita yana buƙatar bambanta yaro mai 70 da yaro mai 300 kafin ya tsara jinya, sai da masana suka ɓullo da dabarar tsarma jinin da aka ɗiba kafin a sa shi a na'ura, sannan a ninka lambar da ta fito. Mutanen da suka yi wannan aiki sun san iyakar na'urarsu domin an rubuta ta a takardar da ta zo da ita, sun karanta, kuma suna da ilimin da za su gane ma'anarta.

A 2010 mutane ne ke karanta sakamako, su rubuta a rajista. A yau kuwa bayanan lafiya a Nijeriya suna taruwa a rumbunan kwamfuta irin su DHIS2, wanda Jami'ar Oslo ta ƙasar Nowe ta gina kuma ma'aikatun lafiya ke amfani da shi, da SORMAS, wanda hukumar yaƙi da cututtuka ta Nijeriya, wato NCDC, ke bin diddigin annoba da shi, kuma irin waɗannan rumbuna su ne wuraren da ake jona wakilai da su a duniya. Tambayar da ta kamata mai kula da shirin lafiya a Anka ya yi ita ce, idan aka ɗora wakili a kan rajistar gwajin dalma, shin takardar kayan aikinsa ta faɗa masa abin da ma'aikatan 2010 suka sani?

Abubuwan da ake dubawa a takarda

Abu na farko da mai auna takarda ke nema shi ne bayanin manufa tare da iyakarta, wato lokacin da ya dace a yi amfani da kayan aikin da lokacin da bai dace ba. Idan akwai kayan aiki biyu, ɗaya yana binciko sakamakon yaro guda, ɗayan yana ba da jimillar ƙauye, kuma duka an rubuta musu bayani iri ɗaya mai cewa suna binciko sakamakon dalma, wakili zai riƙa zaɓa tsakaninsu da ka. Ma'aunin da masana ke amfani da shi a nan mai sauƙi ne: idan ƙwararren ma'aikaci sabon zuwa ba zai iya faɗin wanda ya dace ba daga karanta bayanan kaɗai, to wakili ma ba zai iya ba.

Na biyu shi ne ma'auni, kuma a nan ne haɗari ya fi yawa. Ana rubuta dalmar jini da maikurogiram a desilita, amma waɗansu ɗakunan gwaje-gwaje suna rubuta ta da maikuromol a lita, wanda kowane ɗaya daga cikinsa ya kai kusan maikurogiram 20.7 a desilita. Lambar 3 a ma'aunin farko tana ƙasa da 3.5 da hukumar CDC ta sanya a 2021 a matsayin matakin fara bibiya, amma lambar 3 a ma'auni na biyu tana nufin kusan 62, wato yaron da ke buƙatar magani ba tare da jinkiri ba. Haka lamarin yake a harkar kuɗi, domin kamfanin biyan kuɗi na Paystack yana karɓar adadi da kwabo, ta yadda naira 5,000 ake rubuta ta 500000, kuma kamfanin ya bayyana haka a takardunsa. Idan wani ya naɗe wannan hidima a cikin kayan aikin wakili ya manta bai kwafo wannan jimla ba, wakilin zai rubuta 5000, a cire naira 50, shi kuma ya ba da rahoton cewa an biya. Kwanan wata ma yana cikin wannan sahu, tunda abin da ɗan Nijeriya ya rubuta yana nufin 3 ga Afrilu, tsarin Amurka yana karanta shi 4 ga Maris.

Na uku shi ne bayanin abin da kayan aiki ke mayarwa, musamman a bakin iyaka. Mai gina rumbun da gurbinsa ke karɓar lamba kaɗai zai iya yanke shawarar rubuta 65 ga duk sakamakon da ya haura ƙarfin na'ura, ko ya bar gurbin fayau, ko ya sa sifili. Kowace daga cikin hanyoyin uku tana da hujjarta a wurin wanda ya gina, amma idan ba a rubuta ta ba, wakilin da aka ce ya jera yaran da suka fi buƙatar kulawa zai iya ɗaukar 65 a matsayin ainihin lamba, ko ya tsallake gurbin da ba komai a matsayin wanda ba a gwada ba, ko ya sa mai sifili cikin masu lafiya, alhali waɗannan su ne yaran da gubar ta fi kamawa. Takarda mai inganci tana faɗin ma'anar gurbin da ba komai, da mafi ƙanƙanta da mafi girman lambar da za a iya samu, da ko an tsarma jinin, da ko an riga an ninka lambar.

Na huɗu shi ne sunaye. Yargalma tana fitowa a takardu da siffofi daban-daban, wani ya haɗe ta, wani ya raba ta biyu, wani ya sa mata alamar ɗauri a farko, haka kuma Bukkuyum da Gummi ana samun su da harafi guda a inda wasu ke ninkawa, ga kuma ƙauyuka masu yawa da sunansu ya fara da Tunga. Idan kayan aiki yana neman suna daidai harafi da harafi, dole takarda ta faɗi haka, ta kuma nuna inda za a samo jerin sunayen da rumbun ya sani ko lambar da aka ba kowace mazaɓa, in ba haka ba wakili zai nemi ƙauyen da wata siffa, ya sami amsar babu, ya kuma sanar da cewa ba a gwada kowa a can ba. Haruffa masu lanƙwasa na Hausa suna ƙara wannan matsala, domin tsofaffin rumbuna da dama ba su san su ba.

Na biyar shi ne tasirin aiki da halin da ake shiga idan ya gaza. Akwai kayan aikin da karatu kawai yake yi, akwai mai sauya bayani, akwai mai gogewa, akwai kuma wanda maimaita shi ke ninka sakamakonsa, kamar tura kuɗi. A yankin da layin sadarwa ke yankewa a kai a kai, wanda ma ya taɓa zama makonni ba sadarwa kwata-kwata bayan umarnin da hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta bayar a watan Satumba na 2021 saboda matsalar tsaro, tambayar ko saƙon ya isa kafin layi ya yanke tambaya ce ta kullum. Wakili yana da ɗabi'ar sake gwadawa idan bai sami amsa ba, don haka wajibi ne takarda ta faɗa masa ko sake gwadawa yana da haɗari, da yadda zai tabbatar da abin da ya wakana kafin ya maimaita. Ƙa'idar MCP ta ƙara alamomi na musamman a 2025 domin nuna waɗannan bambance-bambance. Saƙon kuskure shi ma wani ɓangare ne na takarda, domin saƙon da ya ce kawai an sami matsala bai koya wa wakili komai ba, amma wanda ya ce kwanan wata ya zo da tsarin da ba a karɓa, ya kuma nuna tsarin da ake so, yana ba shi damar gyarawa nan take.

Na shida shi ne tsawo. Wakili yana da iyakar rubutun da zai iya riƙewa a lokaci guda, kuma bayanan dukkan kayan aikinsa suna cin wani kaso na wannan wuri kafin ma a fara aiki, don haka takardar da aka cika da tarihin kamfani da yabon kai tana tauye wurin da ya kamata bayanan majinyaci su zauna. Abin da ake nema shi ne kowace jimla ta kasance tana hana wani kuskure da zai iya aukuwa.

Gani ya kori ji

Karanta takarda da waɗannan ma'aunai mataki ne na farko, amma bai wadatar ba, saboda takarda tana iya yin kyau a ido ta kuma saɓa wa abin da manhajar ke yi. Babban misali a tarihin fasaha shi ne kumbon Mars Climate Orbiter na hukumar NASA, wanda ya ɓace a ranar 23 ga Satumba, 1999 yayin da yake shiga kewayen duniyar Mas. Takardar yarjejeniyar manhajojin ta tanadi cewa a ba da lissafin ƙarfin turi da ma'aunin mita, amma ɗaya daga cikin manhajojin tana fitar da shi da ma'aunin Amurka, wanda ya bambanta da ninki kusan 4.45, kuma ba a gano ba sai da kumbon ya salwanta. Saboda haka mai aunawa yakan kira kayan aikin da kansa da lambobin da ya san amsarsu, ya kwatanta abin da ya fito da abin da takarda ta yi alkawari.

Mataki na gaba shi ne gwajin aiki. Ana tattara buƙatu na gaske irin waɗanda ma'aikata ke yi, kowace da amsar da aka tabbatar, a ba wakili su ɗaya bayan ɗaya, sannan a ƙirga sau nawa ya zaɓi kayan aikin da ya dace, sau nawa ya cike gurabe daidai, sau nawa ya fassara sakamako daidai, sau nawa ya farfaɗo bayan saƙon kuskure, da yawan kiran da ya yi kafin ya kai ga amsa. Dole a sa waɗansu buƙatu da babu kayan aikin da zai iya biya musu, domin a ga ko wakili zai ce ba zai iya ba ko zai ƙaƙaba wa aikin abin da bai dace ba. Jarrabawar kiran kayan aiki da masu bincike na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka fitar a 2024 ta ware sashe musamman domin wannan hali na ƙin yin abin da bai kamata ba.

Domin a tabbatar cewa takarda ake aunawa, ana riƙe komai yadda yake, wato samfurin harshe guda da buƙatu guda da manhaja guda, a sauya rubutun bayani kaɗai, sannan a kwatanta sakamakon tsohon rubutu da na sabo. Ana maimaita kowane gwaji sau da yawa domin wakili ba ya ba da amsa guda kullum ga tambaya guda, ana gwadawa da samfura fiye da ɗaya domin kada rubutun ya dace da ɗabi'ar kamfani guda, ana kuma ɓoye wani kaso na buƙatun daga mai gyaran takarda domin kada ya rubuta ta daidai da jarrabawar. Ƙidaya kaɗai ba ta isa ba, domin kura-kurai ba su da nauyi ɗaya: wakilin da ya ci 98 cikin 100, amma biyun da ya faɗi su ne yaran da sakamakonsu ya haura iyakar na'ura, ya gaza a inda ake buƙatarsa. Wannan ne ya sa masu aunawa ke zama su karanta tarihin kowane gwajin da ya gaza, mataki bayan mataki, har su gano jimlar da ta ɓatar da wakilin ko wadda rashinta ya ɓatar da shi.

Takarda kuma tana tsufa. A watan Mayu na 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa na'urorin LeadCare na iya ba da sakamakon da ya gaza na gaskiya idan aka yi amfani da jinin jijiya, ta kuma ce a daina yin hakan. Matakin fara bibiya na hukumar CDC shi ma ya sauka daga 10 zuwa 5 a 2012, sannan zuwa 3.5 a 2021. Takardar da ba ta ɗauke da kwanan wata da lambar bugu ba za ta nuna wa kowa cewa ilimin da ke cikinta ya shuɗe ba, don haka ake sake gwajin duk lokacin da manhaja ko ƙa'idar jinya ko samfurin harshe ya sauya.

Batun amana

Da yake wakili yana ɗaukar abin da ke cikin takarda da muhimmanci, masu mugun nufi sun gano cewa za su iya cusa umarni a cikinta. A watan Afrilu na 2025 masu bincike na kamfanin Invariant Labs suka nuna yadda kayan aikin da ya yi kama da mara lahani zai iya ɗauke da ɓoyayyen umarni a bayaninsa, wanda mai amfani ba ya gani a fuskar na'urarsa amma wakili yana karantawa, har ya kai ga kwashe bayanan sirri ya tura wa baƙo. Saboda haka aunawa ta haɗa da karanta cikakken rubutun da wakili ke gani, da sanin wanda ya rubuta shi, da lura da ko ya sauya bayan an amince da shi. Ita kanta ƙa'idar MCP ta ja kunne cewa alamomin da kayan aiki ke yi wa kansa, kamar cewa karatu kawai yake yi, ba abin dogaro ba ne sai an amince da tushensa. A Nijeriya wannan yana da fuskar shari'a, domin dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, kuma hukumar da ta jona wakili da rajistar majinyata ita ke ɗauke da alhakin abin da ya fita daga cikinta.

Da ɗan gari akan ci gari

Kusan dukkan takardun kayan aiki da Turanci ake rubuta su, kuma babu laifi a hakan matuƙar wakili ya fahimce su, amma buƙatun da za su zo masa daga ma'aikaciyar lafiya a Nasarawar Burkullu ko ɗan kasuwa a Gummi da Hausa za su zo, sau da yawa da karin harshen Zamfara, da sunayen watanni na Musulunci, da lissafin ranaku da ranar kasuwa, da shekarun yaro da aka faɗa da damina. Takardar da ta ci jarrabawa da buƙatun Turanci ba a san matsayinta ba sai an gwada ta da waɗannan. Masu bincike na ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP sun yi shekaru suna tattara bayanan gwaji na Hausa, kuma irin wannan ƙwarewa ce ake buƙata a karkata zuwa gwajin wakilai.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne cewa ilimin da takarda ke buƙata ba ya wurin mai rubuta manhaja shi kaɗai. Wanda ya san cewa 65 ba lallai 65 ba ce shi ne ma'aikacin ɗakin gwaji da ya yi aiki a asibitin Anka a shekarun da MSF ta shafe tana jinyar yaran yankin, wanda ya san sunayen tungaye da yadda ake rubuta su shi ne jami'in rigakafi da ya zagaya su, wanda ya san bambancin mudun wata kasuwa da na wata shi ne dillalin hatsi. Waɗannan su ne ya kamata su tsara buƙatun gwaji, su kuma duba amsoshin, kuma aikin bai buƙaci su iya rubuta manhaja ba. Duk ma'aikatar gwamnati ko ƙungiyar agaji ko banki da zai kawo wakili yankin yana da ikon sanya sharuɗɗa uku a yarjejeniyarsa da mai sayarwa: a miƙa masa cikakken rubutun da wakili ke karantawa game da kowane kayan aiki, a gwada shi da buƙatun da ma'aikatan wurin suka rubuta da harshensu, a kuma sake gwajin bayan kowane sauyi. Kuɗin wannan aiki kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin sayen manhajar, kuma haƙar zinare ba ta tsaya ba a Zamfara, don haka rajistar gwajin dalma za ta ci gaba da cika da sunayen yaran da jinyarsu ta dogara da karanta lamba daidai.